Mai shirin sayar da gida, yaranka suna kallonka

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

'Yan'uwa, wannan nasiha ce ga duk magidancin da ya sa gidansa a kasuwa alhali yana da ƙananan yara a ciki. Kaina na fara yi wa ita, domin a kaina abin ya faru.

Bayan ambaliyar 2022, wadda ta ci gidaje da gonaki a ƙasar Ringim da Auyo har zuwa Haɗeja, na yanke shawarar sayar da gidanmu na ƙauye mu koma kan tudu. Ruwan bai kayar da gidan ba, alhamdu lillahi, amma ya jiƙa gindin katangar ɗakin uwargida har ta tsage, ga azara biyu da gara ta riga ta cinye cikinsu. Da kaka ta yi sai na sa aka kwaɓa ƙasa aka yaɓe tsagar, aka bi da farar ƙasa, ɗaki ya fito fes kamar na amarya. Na tambayi dillali ko in gaya wa masu zuwa dubawa. Ya ce, "Haba Malam, ai mai saye da idonsa yake zuwa. Kowa haka yake yi." Na yi shiru, don maganar ta yi daidai da abin da zuciyata take so.

Ranar da wani dattijo ya zo dubawa, muna tsaye a ɗakin yana ƙwanƙwasa bango, sai ɗana mai shekara 5 ya kama bakin rigarsa ya nuna masa da yatsa. "Baba, ta nan ruwa ya shigo mana da daddare. Inna ta ɗauke mu ta kai mu zaure." Na zare masa ido. Dattijon bai ce komai ba, ya yi sallama ya tafi. Suna fita na karyo tsumagiya. Uwargida tana bakin murhu, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malam, ƙarya ya yi?"

Wallahi hannuna ya mutu a wurin. Yaron da nake kai wa makarantar allo da kaina, nake ce masa Allah yana ganin mai ƙarya ko a cikin duhu, shi ne zan doka yau saboda ya faɗi abin da idonsa ya gani. Da bulalar nan ta sauka, da ya ɗauki darasin da babu malamin da zai iya goge masa shi: cewa gaskiya ta masallaci ce, idan kuɗi ya zo ana ajiye ta a ƙofa.

Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya wuce ta wajen wani tarin abinci, ya cusa hannunsa ciki, yatsunsa suka ji danshi. Ya tambayi mai abincin, ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya ce masa me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya ce, "Wanda ya yi algus ba ya tare da ni." Ku duba fa, mutumin nan ba shi ya jiƙa abincin ba, ruwan sama ne, kamar dai yadda ba ni na tsaga katangata ba. Laifinsa ɗaya, ya rufe jiƙaƙƙe da busasshe. Wannan hadisin na sha karanta shi ina tuno masu awo a kasuwar Gujungu, ban taɓa kawo bangon ɗakina a ciki ba sai ranar.

Kada wani ya fahimci cewa gyara gida kafin sayarwa haramun ne. Ka share, ka yi daɓe, ka gyara indararo, ka sauya kwanon da ya ɓule, duk babu laifi. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: aibin ya tafi ne, ko yana nan na lulluɓe shi? Idan ka tone gindin katanga ka sake ginin, ka gyara. Idan yaɓe ka yi a kan tsaga don ta kai ranar biyan kuɗi, to damina tana nan zuwa, kuma 'ya'yan wani ne za su kwana a ƙarƙashin bangon. Mu mutanen karkara mun san abin da katangar ƙasa take yi a watan Agusta idan ta sha ruwa. Ba ta sallama. Haka rijiyar da take ƙafewa da bazara, da masan da ya kusa cika, da kwatar da ake rigima da maƙwabci a kanta, da iyakar da ba a daidaita ba. Duk abin da ka san da mai saye ya sani zai rage kuɗi ko ya fasa, faɗarsa wajibi ne a kanka. A hadisin Hakim ɗan Hizam da ke Bukhari da Muslim, Annabi ya ce idan masu ciniki biyu suka yi gaskiya suka bayyana, a sa musu albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya, a shafe albarkar cinikin. Kuɗin zai shigo hannu cif, ka ƙirga ka ga babu abin da ya ragu, amma ka rasa inda ya bi.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda muke jawo yara cikin wannan. Kafin baƙi su iso a tara su a ja musu kunne: kada wanda ya ce ɗaki yana yoyo, in an tambaye ku ku ce rijiya ba ta ƙafewa. Wani ma har ɗan'uwansa zai kira ya zo ya tsaya yana taya gidan da tsada a gaban mai saye, alhali ba saye zai yi ba, yara suna ji, sun kuma san kawunsu ne. Wannan shi ne najashi da Annabi ya hana. Bayan shekara goma uban nan zai zauna a majalisa yana kukan yaran zamani ba su da amana. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Washegari na kama hannun yaron muka je gidan dattijon. Na gaya masa komai, har azarar da bai gani ba. Na so yaron ya ji da kunnensa. Dattijon ya rage kuɗin gyara daga farashin, muka shirya. Rage kuɗin ya yi mini ciwo, domin na riga na ƙirga su cikin ginin sabon wuri, sai da ɗaki ɗaya ya jira wata kakar kafin a rufa shi.

Sai kuma zaman gidan kansa a watannin da yake kasuwa. Wanda bai yi ba ba zai gane wahalarsa ba, kuma mafi yawanta a kan mace take sauka. Ta share tsakar gida da safe, kafin hantsi yara sun zubar da koko, sun baje ɓawon gyaɗa, akuya ta tsinke daga turke ta bi ta kan shanya. Ana cikin haka sai a ji sallamar dillali a zaure da baƙi uku, babu sanarwa. Matar aure tana tsakiyar daka ko wankan jariri, a ce ta shige ɗaki maza za su shigo, ɗakin ma a ce ta fito za a duba shi. Ɗan'uwa, gidan da ka sa a kasuwa bai tashi daga gida ba tukuna, iyalinka suna da hurumi a cikinsa har ranar da za su fita. Allah ya ce a Suratun Nur kada a shiga gidajen da ba na mutum ba sai an nemi izini an yi sallama. Ka yanka wa dillali lokaci, bayan la'asar ko ranar da ka san kana gida, kuma kada a shiga da kowa sai kana nan. Wanda da gaske yake son saye zai jira.

A irin wannan matsi ne baki yake suɓucewa. Kai kana lissafin kuɗi, ita ta gaji, sai yaro ya zana bangon da aka shafe jiya da gawayi, sai ka ji an ce "Allah ya tsine maka" ko "ɗan banza, ba za ka yi albarka ba." Iyaye mata da maza, ku ji tsoron Allah a kan wannan kalma. A hadisin Jabir da ke Muslim an hana mu yin mummunar addu'a a kan kanmu da 'ya'yanmu da dukiyarmu, kada ta dace da sa'ar da ake amsawa. Zanen gawayi farar ƙasa ta kwano ɗaya tana rufe shi. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara 10 tun yana yaro, ya ce bai taɓa ce masa ko tir ba. Mu wata biyu kacal na sayar da gida sun isa mu mayar da yara abin hucewa.

Yaran ma fa suna cikin nasu tashin hankalin, ba su dai iya faɗa ba ne. Mu muna ganin gida tubali ne da fili da farashi. Yaro kuwa a nan aka binne cibiyarsa, a nan ya san inda kaza take ƙwai, ya san ramin da yake ɓoye 'yan kwalabensa, ya san gidan da zai shiga a ba shi ƙanzo. Babbar 'yata mai shekara 8 ta daina cin abinci sosai a lokacin, muna ta ba ta jiƙo muna cewa shawara ce. Ashe wata ƙawarta ce ta ce mata idan an sayar da gida har da abin da ke ciki ake sayarwa, ita kuma tana da tattabaru biyu da bishiyar zogalen da ta dasa da hannunta a bayan madafi. Babu wanda ya zaunar da ita ya yi mata bayani, domin a ganinmu maganar manya ce. Annabi, da duk nauyin al'umma a kansa, ya lura da ƙanin Anas yana baƙin ciki saboda ɗan tsuntsunsa ya mutu, ya tsaya yana tambayarsa, "Ya Aba Umair, me ɗan tsuntsu ya yi?" Bai ce abin yara ne ba.

Ku gaya musu gaskiya daidai hankalinsu. Za mu tashi, ga inda za mu, ga abin da za mu tafi da shi, ga abin da zai zauna. Kada a rufe su da alkawarin da ba za a cika ba, a ce sabon gida akwai lantarki da famfo alhali babu, ko a ce za mu dawo bayan salla. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi tana cewa zo in ba ka, Annabi yana zaune a gidan. Ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ta ba shi komai ba, da an rubuta mata ƙarya.

Uwargida kuma a yi shawara da ita tun kafin dillali ya ji. Sau da yawa kwanon da ke kan ɗakinta da kuɗin adashinta aka saya, ko ta sayar da tunkiyarta aka yi daɓen siminti. Wannan haƙƙinta ne, a fitar mata da shi ko a nemi yafewarta a fili. In kuwa gidan gado ne da ba a raba ba, kada ka kai shi kasuwa kai kaɗai don kai ne babba. Abokin tarayya yana da haƙƙin shuf'a, shi ya fi cancanta ya saya kafin bare, kuma idan akwai marayu a cikin magada to ka san wutar da kake wasa da ita. Maƙwabci a mazhabarmu ta Malikiyya ba shi da shuf'a ta hukunci, amma ku ji abin da Abu Rafi'u ya yi a ruwayar Bukhari. An taya masa ɗakunansa biyu dinari 500, ya sayar wa maƙwabcinsa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas a dirhami dubu 4, wato ƙasa da abin da aka taya masa, biya kaɗan-kaɗan, ya ce ba don ya ji Annabi yana cewa maƙwabci ya fi cancanta saboda kusancinsa ba, da bai ba shi a haka ba. Ko ba ka kai nan ba, ka leƙa ka gaya wa na jikin katangarka kafin ya ji a bakin dillali. Kai za ka tafi, shi za ka bar wa wanda ka kawo.

A rubuta takarda a gaban mai unguwa da dagaci da shaidu, domin Alƙur'ani ya ce ku kafa shaida idan kun yi ciniki. A sa iyakoki, a sa aibin da aka bayyana, a sa ranar tashi, kada a karɓi kuɗi sannan a rasa inda za a kai yara. Kuɗin kuma a yi maza a mayar da shi cikin wani muhallin. An ruwaito daga Sa'idu ɗan Huraisin cewa wanda ya sayar da gida bai sa kuɗinsa a irinsa ba, ya cancanci kada a sa masa albarka a ciki. Mun ga waɗanda kuɗin gida ya tafi a biki da babur da ƙarin aure, yara suka ƙare a ɗakin aro.

Ranar tashinmu na ɗora kaya a amalanke, 'yata ta rungume kwandon tattabarunta, ta kuma yanko reshen zogalen za ta kafa a can. Na zaga da su gidajen maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, muka nemi gafara, tsofaffi suka shafa kansu suka sa musu albarka. Da muka isa sabon wurin, kafin a sauke ko tabarma, na tsayar da su a bakin ƙofa na biya musu addu'ar da Khaulatu 'yar Hakim ta ruwaito ga wanda ya sauka a masauki: A'uzu bi kalimatillahit tammati min sharri ma khalaƙ. Suka maimaita sau uku, ƙaramin yana cin rabin kalmomin, sannan muka shiga.