"Nan Ba Gareji Ba Ne", In Ji Mutumin Da Ya Yi Mini Intabiyu

Kwana uku ke nan ina ƙoƙarin haɗiye abin nan, ya ƙi wucewa. Ranar Talata na je intabiyu a wata cibiyar nazarin manufofin gwamnati, inda na nemi gurbin horon sanin makamar aiki na wata uku. Wuri na goma sha bakwai ke nan da na nema cikin shekara biyu, kuma shi ne na farko da aka ce in zo a gan ni. Ina aji huɗu a jami'a, injiniyan ruwa da muhalli nake karantawa. Da saƙon gayyatar ya shigo, sai da na karanta shi sau uku kafin na yarda da ni ake.

Ƙarfe tara aka ce mana. Takwas da rabi ina wurin. Mu shida ne a kan benci, biyar daga cikinmu 'yan kimiyyar siyasa da shari'a da tattalin arziki, sai ni kaɗai daban. Muna zaune wasu samari biyu suka shigo, ko kallon bencin ba su yi ba. Sakatariya ta miƙe tsaye ta gaishe su, ta tambayi ɗayan ya jikin Baba, ta buɗe musu ƙofa da kanta. Babu wanda ya ce uffan a cikinmu, duk mun san karatun. Sai sha biyu da minti arba'in aka kira sunana.

Mutum biyu na tarar a bayan tebur: wani babban mutum mai furfura, da wata mata da ba ta ɗago kai daga wayarta ba. Na yi sallama, na gaishe su, na tsaya har aka nuna mini kujera. Mutumin ya ɗaga takarduna da yatsu biyu, ya dubi shafin farko kawai.

"Kai ne injiniyan?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

"To ɗan samari, ɓatan hanya ka yi ne? Nan fa ba gareji ba ne."

Matar ta yi dariya ba tare da ta kalle ni ba. Na ji kunnuwana sun ɗau zafi, amma na danne. Na ce, ranka ya daɗe, na san inda na zo. Na haɗo da rubutu mai shafi biyu kamar yadda kuka buƙata, a kan ruwan da ke salwanta ta tsofaffin bututu kafin ya kai gidajen mutane, da yadda kasafin kuɗi ke fifita sabon gini a kan gyaran wanda ake da shi. Mako uku na yi a kan shafi biyun nan. Sau huɗu na sake rubuta su don in cire duk wani lissafin da zai gundiri wanda ba fanninsa ba ne.

Bai buɗe ba. Ya kishingiɗa a kujera ya ce, "Ka ga, mu nan tunani muke yi, rubutu muke yi. Ku kuwa da ƙarfe da siminti kuka saba. Ka taɓa karanta doka guda ɗaya tun daga farko har ƙarshe?"

Na ce na karanta. Na ce masa dokar ingancin ruwan sha cike take da lambobi, kuma kowace lamba akwai dalilinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙa'idar dalma a maikirogiram 10 cikin kowace lita, amma abin da za ka samu ya danganta da yadda aka ɗebi ruwan gwajin: wanda ya kwana a bututu daban, wanda aka ɗiba bayan an bar famfo ya zuba na ɗan lokaci daban. Idan mai rubuta doka bai san wannan ba, zai bar ƙofar da za a yi ta cin jarrabawa a takarda alhali yara na shan guba.

Ina tsakiyar wannan bayanin wayarsa ta yi ƙara. Ya ɗauka. Ya yi hira ta kusan minti biyar ina zaune. Da aka karanto masa wata lamba, ya lalubi takarda, hannunsa ya faɗa kan rubutun nawa, ya juya bayansa ya rubuta lambar a kai. A gabana. Na bi alƙalamin da ido har ya gama, ya ja layi biyu a ƙarƙashi.

Da ya ajiye wayar sai ya ce, "Yauwa, tunda Allah ya kawo ka, majigin ɗakin taronmu ya ƙi kamawa tun jiya. Ko za ka ɗan duba mana kafin ka wuce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ruwa na karanta, kuma intabiyu na zo."

Ya dubi matar ya ce, "Kin ji ko? Ashe ko a nan ma ba shi da amfani." Suka yi dariya tare. Ya ce za su neme ni. Duka-duka minti goma sha ɗaya na yi a ɗakin, biyar daga ciki na wayarsa ne.

Babu aibu a gyaran majigi, babu aibu a gareji. Masu gareji sun fi mutumin nan sanin darajar wanda ya zo koyon aiki. Abin da ya ƙona mini rai shi ne, tun kafin in buɗe baki ya riga ya yanke cewa kan da ya iya lissafi ba zai iya tunani a kan al'umma ba. Wa ya ba shi wannan hukuncin? A wane littafi aka rubuta cewa wanda ya san yadda ruwa ke tafiya a bututu ba shi da bakin magana a kan dokar ruwa?

Kuma ba daga shi abin ya fara ba. Duk wanda ya taɓa gwada wannan hanya daga fanninmu ya sani. Ka buɗe fom a intanet, ka zo wurin zaɓen abin da kake karantawa, ka tarar da kimiyyar siyasa, shari'a, hulɗar ƙasa da ƙasa, tattalin arziki, aikin jarida, sai can ƙasa "sauransu". Mu ne sauransu. Ka danna, ka ci gaba, a ce ka kawo shaidar gogewar shekara ɗaya ko biyu a aikin manufofi. Gogewa, a wurin neman horon da ake zuwa don a samu gogewar! A ce ka kawo wasiƙar malamin da ya san rubutunka a wannan fanni, alhali duk malamanka rahoton ɗakin gwaji suka sani. Ka tura, shiru. Wata biyu, wata uku, ko "mun gani" babu.

Ka dawo gida, wato sashenku, nan ma wata wutar. Da na kai wa wani malaminmu takarda ya sa mini hannu, sai da ya ajiye tabarau ya ce, "Yaro, ka bar aikin hannu za ka bi 'yan surutu?" Jami'in da ke kula da horon ɗalibai kuma ya ce ko an ɗauke ni ba za a ƙirga mini shi ba, don littafin horon wurin zanen inji da aikin fili kawai yake da shi. Can a ce kai baƙo ne, nan a ce ka yi ridda. Mun zama jemage, tsuntsaye sun ƙi mu, dabbobi sun ƙi mu.

To ga abin da nake so mutumin nan da ire-irensa su ji. A watan Afrilun 2014 hukumomin birnin Flint da ke jihar Michigan a Amurka suka sauya inda ake ɗebo wa garin ruwa, suka koma kogin Flint don a rage kashe kuɗi. Ba a zuba sinadarin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwan ya ci tsofaffin bututan, dalma ta bi famfo ta shiga gidajen mutane. Fiye da shekara guda mazauna garin suna ɗaga kwalaben ruwa mai launi a taruka, ana ce musu lafiya ƙalau yake. Sai a 2015 wani farfesan injiniya na jami'ar Virginia Tech, Marc Edwards, shi da ɗalibansa suka gwada ruwan gidaje suka fito da sakamakon, likitar yara Mona Hanna-Attisha kuma ta nuna dalmar ta ƙaru a jinin ƙananan yara. Ɗalibai ne irina suka yi ta haɗa kwalaben gwajin nan. Da ɗayansu ya je neman horo a ofis irin wanda na je, da majigi za a nuna masa.

Ba na cewa injiniyoyi waliyyai ne. A cikin waɗanda suka yi sakaci a Flint akwai masu takardar fannin. Amma wannan ma ai hujjata ce: injiniyan da ba a taɓa koya masa yadda ake tsayawa gaban masu iko a kare gaskiya ba, wanda aka raine shi a kan cewa nasa lissafi ne kawai, shawara ta manya ce, ranar da aka matsa masa zai sa hannu. Daren da ya gabaci tashin kumbon sararin samaniyar Amurka mai suna Challenger a Janairun 1986, injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokokin, ciki har da Roger Boisjoly, sun yi gargaɗin cewa sanyi zai hana zoben robar da ke toshe mahaɗar rokar yin aikinsa. Aka ce wa shugaban injiniyoyin ya cire hular injiniya ya sa ta manaja. Ya sa, aka amince a harba kumbon. Daƙiƙa 73 da tashi kumbon ya tarwatse da mutum bakwai. A Landan, gobarar benen Grenfell ta 2017 ta ci mutum 72, kuma rahoton ƙarshe na kwamitin bincike a 2024 ya ɗora babban kaso na laifin a kan gwamnatocin da suka shekara da shekaru suna kawar da kai daga gargaɗi kan kayan rufin bango masu kama wuta. Duk waɗannan a teburin shawara aka fara kashe mutanen, teburin da ake ce mana ba wurinmu ba ne.

Laifin gwamnatoci ne, kuma ba zan sassauta ba. Su ne ke rubuta doka kan madatsun ruwa, lantarki, gine-gine, bayanan mutane a intanet, sannan su kewaye kansu da waɗanda ba su taɓa riƙe ma'auni ba. Gini ya rufta, sai a kafa kwamiti, a lokacin ne ake neman injiniya ruwa a jallo ya zo ya ƙirga gawa ya bayyana dalili. Ihu bayan hari. Hatta majalisar dokokin Amurka, da ta kafa ofishin tantance fasaha na kanta a 1972 don ya riƙa wayar wa 'yan majalisa kai, ta rufe shi a 1995 da sunan tsimin kuɗi. Alhali an san yadda ake gyara abin. Tun 1973 ƙungiyar masana kimiyya ta Amurka, AAAS, ke tura masana da injiniyoyi su yi aiki a majalisar ƙasar, daga baya har da ma'aikatu. Tun 1980 ƙungiyoyin injiniyoyi ke ɗaukar nauyin ɗalibai a shirin WISE, su je Washington lokacin hutu su koyi yadda ake tsara manufa, su rubuta takarda a kai. Majalisar Birtaniya na da ofishin kimiyya da fasaha tun 1989. Ƙofofin 'yan kaɗan ne, yawancinsu kuma na 'yan ƙasarsu ne. Sauran gwamnatocin me ya hana su kwaikwaya? Kuɗin da ake kashewa a taron bita guda ɗaya a otal ai ya isa a horar da ɗalibai da dama.

Sai kuma maganar da ba a son a taɓa: wa ke iya yin aikin wata uku ko shida ba ko sisi? Da yawa daga cikin guraben horo irin wanda na nema ba a biya. A 2015 duniya ta ga hoton wani matashi ɗan New Zealand mai shekara 22 yana kwana a tanti a Geneva lokacin da yake horo a Majalisar Ɗinkin Duniya, don a jawo hankali kan rashin biyan masu horo. Fadar White House kanta sai a 2022 ta fara biyan nata. Ma'anar wannan a fili take: ɗan mai hali ne kaɗai zai iya zama ya koyi mulki, shi ne gobe zai zama mai ba minista shawara, shi ne jibi zai zauna a bayan tebur ya ɗaga takardar ɗan talaka da yatsu biyu. Masu uwa a gindin murhu ba sa zama a benci, na gani da idona ranar Talata.

Mu ma jama'a muna da namu kason. Mun raba yara tun suna sakandare, wannan ɗan kimiyya, wancan ɗan adabi, muka gina katanga a tsakani har kowa ya ɗauka haka Allah ya halicce su. Ɗan kimiyya ya yi sha'awar tarihi ko doka, a ce yana ɓata basirarsa. Ya yi magana a kan yadda ake kashe kuɗin jama'a, a ce ya shiga sharo ba shanu. Jami'o'i su yaye injiniya bayan shekara huɗu ko biyar ba tare da ya taɓa rubuta shafi guda da ɗan majalisa zai iya karantawa ba, su yaye masanin manufofi da bai san bambancin kilowat, ma'aunin ƙarfin lantarki, da kilowat-awa, ma'aunin yawan wutar da aka sha, ba, sannan mu yi mamakin yadda ake sa hannu a kwangilar lantarkin da ba za ta yi aiki ba.

Jiya da daddare saƙonsu ya shigo. Layi uku ne. Sun gode da sha'awar da na nuna, sun samu waɗanda karatunsu ya fi dacewa da aikin cibiyar. A shafinsu na intanet kuwa, babban aikin da suka sa a gaba bana shi ne samar da tsaftataccen ruwan sha a birane. Na mayar musu da amsa cikin ladabi, na roƙi abu ɗaya: su dawo mini da shafi biyun nan nawa, in ya so mai gidan ya kwafe lambar wayarsa a wata takardar. Har yanzu ba su amsa ba.