Injin da aka hana barci

MANAJA: Makanike, injin fotokofin nan maye ne. Ya shanye mana wuta, ga cin takarda.

MAKANIKE: Ranka ya daɗe, yaya kuke aiki da shi?

MANAJA: Da tattali. Shafi ɗaya na fitowa, Masinja zai zare soket.

MAKANIKE: Ashe ɓarawon na cikin gida. Babu tawada a cikinsa, garin roba ne, tona. Sai rolar nan mai zafi, fiuza, ta kai wajen digiri 180 kafin garin ya narke ya kama takarda. Ɗumama ta kan ja wat 1,000 ko fiye a babban inji. Shafi 20 a hannunku, ɗumi 20 ke nan. A tara aiki a buga gaba ɗaya, sannan a saita shi ya yi barci bayan minti 5.

MANAJA: Barci? A bakin aiki? Ba a ofishina ba!

MAKANIKE: Barcinsa wat 1 ko 2 ne kacal. In an hana shi, zai zauna yana riƙe da zafin fiuza babu takarda ko ɗaya.

MASINJA: Yallaɓai, gaya masa maganar ɗigon.

MANAJA: Wani baƙin ɗigo yake yi wa kowace wasiƙa. Na ce aljani ne.

MAKANIKE: Miƙo rula. Santimita 9.4 tsakanin ɗigo da ɗigo. Kewayen dirom mai kaurin milimita 30 ke nan, wato rolar da ke ɗora tona a kan takarda, duk juyi ɗaya tabo ɗaya. Wa ya sa takarda mai fil?

MASINJA: Oga ya ce a riƙa juya tsofaffin takardu.

MANAJA: Wa ya tambaye ka?

MAKANIKE: Fil ya karce dirom, sai sabo. Takarda kuma a ɗauke ta daga bakin taga, in ta sha raɓa lanƙwashewa take yi a fiuza ta maƙale. In ta maƙale a ja ta a hankali ta inda take tafiya. Ka ga ma tona ta ɓata maka hannun riga. Karkaɗe, ka wanke da ruwan sanyi, ruwan zafi narkar da ita zai yi.

MANAJA: To, na yarda ya yi barcin. Minti 5.

MASINJA: Oga, ni ma a saita ni hakan mana.

MANAJA: Kai ko ido biyu ba ka kai wat 2 ba. Ɗauko takarda!