Cire mahaifa a ɗakin haihuwa: jiran sa hannu ke kashe mata

Idan ciki ya kai wata tara, jinin da ke ratsa mahaifa a kowane minti ya haura rabin lita. Da zarar mabiyiya ta fita, jijiyoyin da suke ciyar da ita a buɗe suke, kuma abin da ke toshe su shi ne tsukewar naman mahaifar kanta. In ta saki ta ƙi tsukewa, mace na iya zubar da rabin jininta kafin a gama neman mijinta a waya.

Abubuwa uku ne suka fi kai likita ga cire mahaifa a wannan hali. Akwai wannan sakin, wanda ya fi samun mai haihuwa da yawa ko mai tagwaye. Akwai mabiyiya da ta kafe cikin naman mahaifa, galibi a kan tabon tiyatar baya, wadda in aka ja ta da ƙarfi jini ke ɓallewa. Sai fashewar mahaifa, wadda asibitocin Arewa suka fi sani: doguwar naƙuda a gida, kan yaro ya ƙi wucewa, sannan a kira wani ya ɗura allurar naƙuda ko a danna ciki da hannu. Mahaifar da ta yi haihuwa bakwai ba ta jure wannan.

Ba da wuƙa ake farawa ba. Ana murza mahaifa ta saman ciki, a ba da allurar oxytocin mai sa mahaifa tsukewa, a ƙara da ƙwayar misoprostol mai irin wannan aiki ƙarƙashin harshe, a sa tranexamic acid, maganin da ke hana daskararren jini narkewa, giram 1 ta jijiya cikin awa uku da haihuwa, a duba ko akwai yagewa ko guntun mabiyiya. In bai tsaya ba a zura balan-balan cikin mahaifa a cika shi da ruwa ya danne jijiyoyin. In an buɗe ciki, ana iya ɗaure mahaifar da wani ɗinki mai matse ta da ake kira B-Lynch, ko a ɗaure jijiyoyin da ke kai mata jini. Binciken E-MOTIVE da aka fitar a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranta a Najeriya, ya nuna cewa auna jinin da leda mai ma'auni da haɗa magungunan farko a lokaci guda ya rage mummunan zubar jini da kusan kashi 60 cikin ɗari.

Amma akwai inda duk wannan ke ƙarewa, kuma a nan ne muke asarar mata. Jini in ya zuba da yawa yakan daina daskarewa, ya koma kamar ruwa, ko ina aka soka allura sai ya tsattsafo. Tiyatar da za ta ceci mace da ƙarfe biyu ba lallai ta cece ta da ƙarfe huɗu ba. Awa biyun nan kuwa a wajen me suke tafiya? Maigidan da ake jira ya sa hannun amincewa da tiyatar yana kasuwa, ko ya ce sai ya ji ta bakin Hajiya, ko an tura dangi neman ledar jini a cikin dare. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi kula da mai neman agajin gaggawa, kuma mace baliga mai hankalinta ita ke da ikon amincewa da aikin da za a yi a jikinta. Ra'ayina shi ne a daina barin wannan magana sai ɗakin tiyata. Duk mai tabon aiki, ko wadda hoto ya nuna mabiyiyarta ta sauko bakin mahaifa, a zaunar da ita da mijinta tun wajen awo, su sa hannu, a tanadi masu ba da jini biyu ko uku, kuma ta haihu inda akwai ma'ajiyar jini.

Aikin ba shi da sauƙi. Mafitsara da bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda suna manne da wurin, ana iya ji musu rauni, shi ya sa cikin gaggawa likitoci kan cire gangar mahaifar su bar bakinta. Gidan ƙwai kuwa yawanci ba a taɓa shi. Wato ba za ta sake ɗaukar ciki ba, al'ada za ta ɗauke, amma ba ta tsufa ba, za ta shayar da jaririnta, kuma bayan kamar sati shida in ta warke ba abin da zai hana ta zaman aure. Wannan bayanin ya kamata likita ya yi shi a gaban miji da uwar miji kafin sallama, domin su ne za a tambaya a gidan suna.