Tan 30 a Umudike, nawa a Paiko?

Duk lokacin da kwamitin ƙasa mai rajistar sababbin iri ya amince da wata doyar da masana suka yi wa aure, abu ɗaya jaridu ke ɗauka su yi ta yayatawa: wai za ta ba da tan 30 ko fiye a hekta guda. Wannan lissafi yana ɓata mini rai, domin yana rufe tambayar da ta fi damun manomi.

Najeriya ce ke noma kusan kashi biyu cikin uku na doyar duniya, amma abin da manominmu ke samu a hekta bai cika wuce tan 8 zuwa 10 ba. To tan 30 ɗin daga ina? Daga gonar gwaji, inda aka zaɓi ƙasa, aka zuba taki a kan kari, aka kafa wa kowace doya sandarta, ma'aikata suna cire ciyawa tun ba ta yi kai ba. Cibiyar binciken doya da rogo ta ƙasa tana Umudike a jihar Abiya, inda ruwan shekara ke haura milimita 2,000. Manomin Paiko a jihar Neja kuwa daminarsa ta fi gajarta, ruwan kan ɗauke masa ana tsakiyar aiki, ƙasar kuma ta gaji da noma. Irin da ya yi abin mamaki a can yana iya zuwa nan ya sha kunya.

Masanan IITA, cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, da na Umudike sun san haka, shi ya sa suke gwada iri a wurare daban-daban tsawon shekaru kafin su fitar. Abin da suke aunawa har da tsayuwar iri: shin yana riƙe amfaninsa a shekarar fari da ta ruwa, a jigawa da ƙasa mai laka? Wannan sakamakon ne ba ya kaiwa ga manomi. Jami'ai sun fi son lamba mai ƙiba da za a karanta a taro.

Doya kuma ba masara ba ce. Irinta shi ne ita kanta. Manomi kan ware kusan kashi ɗaya cikin uku na girbinsa don shukar baɗi, ko ya saya da tsada. Idan ya zuba jarinsa a sabon iri ya faɗi, abinci da iri ya rasa gaba ɗaya. Saboda haka wanda ya riƙe Hembakwase ko Amula, doyar da ya san halinta, kuma dillalan kasuwannin doya na Zaki Biam a Binuwai da Ɗan Anacha a Taraba ke saye ba gardama don tana yin sakwara mai danƙo, lissafinsa daidai yake.

Masu cewa manoma ne ke da taurin kai su fara shuka doya da kuɗin bashi tukuna.

Ni ina goyon bayan ingantaccen iri, musamman mai jure cutar da ke nannaɗe ganye da tsutsar da ke ruɓar da doya a rumbu. Amma a riƙa faɗa wa mutane yankin da kowane iri ya dace da shi, da mafi ƙarancin abin da ya bayar a shekarar da ruwa ya yi gardama. A kuma mayar da malaman gona ƙauyukan Neja, Nasarawa da Taraba, su kafa gonakin gwaji a filin manoman da kansu.