Ba tsawon wasa ne ya kori 'yan kallon besbol ba, kuɗin tikiti ne

Tun da aka rufe kakar 2025 hukumar MLB mai kula da babbar gasar besbol ta Amurka take ta buga ganga wai 'yan kallo sun ƙaru shekara uku a jere, an samu miliyan 71 da 'yan kai, kuma duk mai sharhin da aka miƙa wa makirufo amsarsa ɗaya ce, agogon jifa ne ya ceci wasan. Wai da can wasan ya cika ja, mutane suka gaji da zama, da aka sa wa mai jifa agogon da ke ƙayyade masa lokacin jefa ƙwallo a 2023 aka rage tsawon wasa daga awa uku da minti huɗu zuwa kusan awa biyu da minti arba'in sai jama'a suka dawo. Wannan labari ya ishe ni, don an maimaita shi har ya danne maganar da ta fi muhimmanci.

A 2007 mutum miliyan 79 da rabi ne suka sayi tikiti, kulob 30 ne kamar yanzu, wasa 162 kowane kulob kamar yanzu, kuma babu wani agogo. A lokacin al'ummar Amurka ba ta wuce miliyan 301 ba, yau ta kai wajen miliyan 340. Wato ƙasar ta ƙaru da mutum kusan miliyan 40 amma filayen sun rasa tikiti miliyan takwas, sannan a ce mana mu yi tafi. Murnar da ake yi fa da 2022 ake aunata, shekarar da aka samu miliyan 64 da rabi, ana fitowa daga korona kuma masu kulob sun rufe wa 'yan wasa ƙofa kwana 99 kafin a fara kakar. Ko 2019 da babu annoba miliyan 68 da rabi aka samu, kuma shekaru ana ta zamewa ƙasa kafin nan. Tsallen da aka yi a 2023 ne kawai, daga 2024 zuwa 2025 lambar kusan a tsaye take. Sannan abin da suke ƙirgawa tikitin da aka sayar ne, ba mutanen da suka shiga ƙofa ba, kamfani ya sayi kujera ashirin na shekara guda ya bar su wayam duk an rubuta su a matsayin 'yan kallo.

Ban ce agogon ba shi da amfani ba, wasan ya fi daɗin kallo yanzu, shi ke nan. Amma magidancin da ke da mata da 'ya'ya biyu a Cleveland ko Boston ba minti ashirin da huɗu ne suka hana shi zuwa fili ba. Akwai lissafin da kamfanin Team Marketing Report ke fitarwa na abin da iyali mai mutum huɗu zai kashe a wasa ɗaya, tikiti da fakin da ɗan abinci da abin sha da hula, a 'yan shekarun nan ya haura dala 250 a matsakaici, a filayen kulob ɗin Boston Red Sox da Chicago Cubs kuwa ya zarce haka nesa. Mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayya yana nan a dala 7.25 a awa tun 2009, e wasu jihohin sun ɗaga nasu, amma wanda ke kan wannan albashi sai ya yi aikin kusan awa 35 kafin ya kai iyalinsa wasa ɗaya tak. Wasa ɗaya daga cikin 81 da kulob ɗinsa zai buga a gida. Besbol wasan kullum ne, an gina shi ne a kan mutum ya tashi aiki ranar Talata ya ce wa yaronsa zo mu je fili, yanzu an mayar da shi abin da ake yi wa tari kamar za a yi biki.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne ba kuskure aka yi ba. Da gangan ne. A 2007 da filaye suka fi cika kuɗin shigar gasar wajen dala biliyan shida ne, a 2024 ya haura biliyan 12. 'Yan kallo sun ragu kuɗi ya ninka. Masu kulob sun yi lissafinsu sun gano cewa mutum dubu 25 masu aljihu sun fi musu riba a kan mutum dubu 40 masu ƙirga canji, don haka sabbin filayen da ake ginawa ƙanana ne, ana cire kujerun sama masu araha ana sa ɗakunan alfarma da wuraren shaƙatawa na kamfanoni. Cleveland ta rage kujerunta zuwa wajen dubu 35. Tampa Bay ta rufe benen sama gaba ɗaya a 2019. Yankees da suka buɗe sabon filinsu a 2009 sun gina shi ƙasa da tsohon a yawan kujeru, suka sa wa kujerun gaba kuɗi har dala 2,500 a wasa ɗaya, suka yi shingen kankare tsakanin masu waɗannan kujeru da sauran jama'a yadda yaro ba zai iya gangarowa bakin fili neman sa hannun ɗan wasa ba. Duk wanda ya kunna talabijin a watan Afrilun shekarar ya ga kujerun nan babu kowa a bayan mai bugu, kunya ce ta sa suka rage kuɗin wasu da rabi, shingen kuwa yana nan.

A wannan shekarar ta 2009 ce kuma San Francisco Giants suka fara gwada farashin da ke hawa da sauka, suka fara da kujeru kusan dubu biyu, shekara ta zagayo suka shimfiɗa shi a fili duka, yau kusan kowa haka yake yi. Kwamfuta ce ke duba wa za a kara da shi, wa zai yi jifa, ranar hutu ce ko ranar aiki, ta yanke maka kuɗi. Masu kare tsarin suna cewa ai yana sauka ma idan wasan ba mai zafi ba ne, to wa ya ce talaka wasan da ba kowa ke so kaɗai ya cancanci gani? Ranar da tauraron ɗan wasa Shohei Ohtani zai zo garinku, ranar da yaro ya fi ƙwallafa rai, ranar ce kwamfutar za ta rufe masa ƙofa. Ga kuɗin hidima da ake liƙawa a ƙarshen saye wanda ya yi ƙamari har hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta kafa dokar da ta fara aiki a 2025 cewa dole a nuna cikakken farashi tun farko. Ga tikitin takarda an kashe shi, sai da manhaja a waya, ga filaye da yawa sun daina karɓar tsabar kuɗi, dattijon da ya shekara arba'in yana zuwa taga ya miƙa kuɗinsa a ba shi tikiti shi ma an sallame shi a fakaice.

Wanda ke son ganin yadda ake kashe 'yan kallo da hannu sannan a ɗora musu laifi ya dubi Oakland. A 2019 Athletics, kulob ɗin birnin, sun ci wasa 97, mutum sama da dubu 54 suka cika filinsu na Coliseum a wasan share fage na ƙarshen kaka, kuma a shekarar kulob ɗin na da wani tsari mai suna A's Access, ka biya sau ɗaya ka shiga duk wasannin gida, abinci rabin kuɗi. Mutane sun so shi. Sai mai kulob John Fisher ya soke shi, ya tsuga kuɗin tikitin shekara wasu har kusan ninki, ya sayar da Matt Olson da Matt Chapman da sauran taurarin kafin kakar 2022, ya bar filin yana lalacewa. A shekarar 'yan kallo ba su kai dubu 800 ba, ƙasa da dubu goma a wasa. Daga nan aka ɗauki hoton kujerun aka nuna wa duniya, kun gani Oakland ba ta son besbol. Ranar 13 ga Yunin 2023 magoya bayan suka yi abin da suka kira ƙauracewa ta baibai, maimakon su zauna gida sai suka cika fili, mutum 27,759 a daren Talata sanye da koren riguna suna ihu ya sayar da kulob. A makon nan ɗin jihar Nevada ta amince ta ba shi dala miliyan 380 na jama'a ya gina fili a Las Vegas, daga baya a watan Nuwamba masu kulob-kulob na gasar duka suka sa hannu a kan ƙaurar. Wasan ƙarshe a Oakland a Satumban 2024 mutum kusan dubu 47 suka zo yin bankwana. Yanzu kulob ɗin na rakuɓe a wani ɗan fili mai cin mutum dubu 14 a West Sacramento yana jiran na Vegas mai cin mutum dubu 33 da aka tsara don 'yan yawon buɗe ido. Wallahi ban ga zaluncin da ya kai wannan ba a harkar wasanni a 'yan shekarun nan, kuma kwamishina Rob Manfred, shugaban MLB, a gefen Fisher ya tsaya.

Za a ce ai albashin 'yan wasa ne ya jawo, kwantiragin Ohtani dala miliyan 700, na Juan Soto miliyan 765, dole a fanshe a jikin tikiti. Wannan magana ba ta da ƙafa, albashin da Fisher ke biya na cikin mafi ƙanƙanta a gasar lokacin da ya ƙara kuɗi, kowane kulob iyakar abin da kasuwa za ta ɗauka yake karɓa ko ya biya 'yan wasa ko bai biya ba. Masu cewa yaran yanzu waya ce ta ɗauke musu hankali su ma su je su ga Savannah Bananas, wata ƙungiyar besbol ta nishaɗi da ke sayar da tikiti a farashi tsayayye babu kuɗin hidima, ta cika Fenway Park, filin Red Sox, a 2024, a 2025 ta tara mutum dubu 81 a filin jami'ar Clemson, galibi iyaye da yara. Ko a cikin MLB ɗin, Colorado Rockies sun sha kashi sau 103 a 2023 amma mutum sama da miliyan biyu da rabi suka je kallonsu, kuma kulob ne da tun buɗe filinsa ya ware kujerun Rockpile na 'yan daloli kaɗan.

Kuma ba a tsaya a babban fili ba, sai da aka bi sauran hanyoyin da yaro zai bi ya kamu da son wasan aka toshe. A 2021 MLB ta yanke ƙananan kulob 40 daga cikin 160 da ke ƙarƙashinta, waɗanda a ƙananan garuruwa su ne wurin da iyali ke kallon wasa da kuɗi kaɗan. A talabijin kuma akwai dokar toshe wasan gida, mutumin jihar Iowa da ba shi da kulob ko ɗaya a jiharsa an daɗe ana hana shi kallon kulob shida a manhajar MLB da ya biya kuɗinta. An yi wani ƙiyasi da ya nuna a 2016 matsakaicin shekarun mai kallon besbol a talabijin 57 ne. Wanda bai je fili yana ɗan shekara takwas ba da wuya ya sayi tikitin shekara yana ɗan arba'in, kuma masu kulob sun san haka, sai dai lissafinsu bai wuce ranar da za su sayar da kulob ɗin su kwashi riba ba.

Mu da muke bin Firimiya mun san wannan fim ɗin. John Henry mai Boston Red Sox shi ne mai Liverpool, kuma a Fabrairun 2016 da kamfaninsa ya so kai wasu tikitin Anfield fam 77, dubban magoya baya suka miƙe suka fice a minti na 77 ana tsakiyar wasa da Sunderland, cikin 'yan kwanaki masu kulob suka janye suka ba da haƙuri. A shekarar ce kuma aka ƙayyade tikitin magoya bayan baƙi a fam 30. Mutum ɗaya ne, a Ingila ya ja da baya saboda magoya baya na da ƙungiya da murya, a Boston kuwa tikitinsa na cikin mafi tsada a gasar kuma babu wanda ya taka masa birki. Manchester United ma da ta ƙaƙaba fam 66 ta cire rangwamen yara da tsofaffi a ƙarshen 2024 hanyar Amurka ta ɗauko, shi ya sa nake ganin abin da ke faruwa a besbol ya shafe mu ko ba mu san dokokin wasan ba.

Gyara ba wani abu ne mai wuya ba. Duk filin da aka gina da kuɗin haraji, kuma yawancinsu haka ne, a rubuta a yarjejeniya cewa wasu dubban kujeru za su tsaya a farashi mai sauƙi kowane wasa ko wa ya zo. Yara su shiga kyauta kamar yadda Baltimore Orioles suka fara a 2018 ga 'yan shekara tara zuwa ƙasa. A sauke kuɗin abinci, Atlanta Falcons na ƙwallon Amurka sun gwada a 2017 kuma abin da 'yan kallo ke kashewa ƙaruwa ya yi.

Yarjejeniyar masu kulob da 'yan wasa za ta ƙare ranar 1 ga Disamban 2026, tuni ake ta raɗe-raɗin za a sake rufe ƙofa saboda masu kulob na son a ƙayyade albashi. Za a yi watanni ana jayayya a kan yadda za a raba dala biliyan 12, kuma a teburin nan babu kujera ko ɗaya ta wanda ke biyan kuɗin. Idan har za a yi maganar ƙayyade wani abu, to a fara da kuɗin tikitin benen sama, kuma biranen da ake zuwa roƙon kuɗin gina fili su ne ke da ikon cewa ba za su ba da ko sisi ba sai an rubuta wannan.