Alfa Sentauri ba tauraro ɗaya ba ne

Duk wanda ya hangi Alfa Sentauri yana ƙyalli a kudancin sama, cikin rukunin taurarin Sentaurus, zai iya rantsewa tauraro ɗaya ne tak. Ido ne ya yaudare shi. Taurari biyu ne, nisa ya haɗe haskensu, har ɗigon ya zama tauraro na uku wajen haske da daddare, bayan Sirius da Kanofus.

Da an saita ƙaramin madubin hangen nesa sai ɗigon ya rabe. Ɗaya rawaya-rawaya ne irin Rana, ya ɗan fi ta girma. Ɗayan bai kai shi haske ba, launinsa ya karkata ga ruwan goro. Wani limamin coci Bafaranshe, Jean Richaud, ne ya gano haka a 1689 a Indiya, kuma ba ma su yake nema ba, tauraro mai wutsiya yake bi.

Ba wai sun dace ne kawai a layi ɗaya ba. Zagaye juna suke yi, kowane zagaye kusan shekara 80, wani lokaci su matso, wani lokaci tazarar ta ninka har sau uku.

Akwai kuma masu cewa su ne mafi kusa da Rana. Saura kaɗan. Ɗan ƙaramin jan abokinsu, Proxima, wanda masanin taurari Robert Innes ya gano a 1915, ya riga su: haskensa na iso mu cikin shekara 4.24, nasu kuwa 4.37. Shi ido ba ya ganinsa sam.