Cizon kare ba aikin mai kemis ba ne

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da kare ya yayyaga yaro a Legas shi ne saurin da muke yi wajen sulhu. Mai kare ya ce an yi wa karensa allura, ya miƙo kuɗin magani, a kai yaro kemis a ɗinke shi, a ce Allah Ya kiyaye gaba. Abin ya fi muni idan uban yaron maigadi ne a gidan mai karen, yana tsoron rasa aikinsa.

Ƙaramin yaro tsayinsa daidai bakin kare yake, shi ya sa cizon ke sauka a fuska da kai da wuya. Haƙorin kare murƙushe nama yake yi, ya cusa ƙwayoyin cuta can ciki. Ɗan ramin da aka raina, ta yiwu a ƙarƙashinsa jijiyar da ke motsa fuska ta tsinke, ko bututun hawaye, ko na yawu. Mai kemis zai ja fata ya rufe duk wannan, bayan kwana biyu wurin ya kumbura ya tara mugunya. Likitan tiyata kuwa sai ya sa yaron barci, ya wanke ciwon sosai, ya yanke mataccen nama, ya haɗa abin da ya tsinke, sannan ya ɗinke. Cizon hannu ma sau da yawa a buɗe ake barinsa.

Ga kuma haukan kare, wanda da zarar alamunsa sun bayyana sai dai addu'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 nan take. Idan cizon ya huda fata, akwai maganin da ake tsirawa cikin ciwon kansa kafin ɗinki, sai allurar rigakafi a ranar, da rana ta 3, ta 7, da wata tsakanin ta 14 da ta 28. Mai kemis da ya riga ya ɗinke ya kulle cutar a ciki ke nan.

Masu cewa asibiti da tsada, su tambayi kuɗin gyaran fuskar da ta warke a karkace.

Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) na nan Idi-Araba, na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) kuma na Ikeja, ba nisa da Agege. A kai yaro can a ranar, kuma sarakunan Hausawan unguwanni su tsaya wa iyaye har mai kare ya biya kuɗin asibitin gaba ɗaya.